Kundin aikin gasar dat ta masu koyo a Mancesta

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin duk wanda zai karɓi aikin nan daga hannunmu wata rana ya san abin da muka gwada, da dalilin gwada shi, da kuma inda muka yi kuskure. Aikin shi ne shirya gasar dat, wato wasan jifan faifai da 'yan kibau, wadda ba za a bar kowa ya shiga ba sai mai koyo da wanda hannunsa bai riga ya faɗa ba. Mu biyar ne a kwamiti, dukanmu Hausawa mazauna kudancin Mancesta a Ingila, kuma biyu ne kawai daga cikinmu suka taɓa yin wasan a gaban jama'a.

Abin da ya tayar da maganar kowa ya gan shi a talabijin. Ranar 3 ga wannan wata, Luke Littler, ɗan garin Warrington da ke maƙwabtaka da mu, ya doke Michael van Gerwen na Holan da ci 7 da 3 a zauren Alexandra Palace da ke Landan, ya zama zakaran duniya yana da shekara 17, kuma ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya ɗauki wannan kambi ba. Tun bara, lokacin da ya kai wasan ƙarshe yana ɗan shekara 16 ya sha kaye a hannun Luke Humphries, yaranmu suka kamu da son wasan, har ta kai da wuya mutum ya shiga gidan ɗan uwa bai tarar da faifai rataye a bayan ƙofa ko a gareji ba.

A watan Nuwamban da ya wuce na kai samari uku wata buɗaɗɗiyar gasa, irin wadda duk wanda ya biya kuɗin shiga ake haɗa shi da wanda ƙuri'a ta ba shi, kuma babu ɗayansu da ya yi minti goma a gaban faifai. A wasan, kowa yana farawa da maki 501, yana jefa kibau uku a kowane hannu ana rage masa abin da ya samu, kuma ba ya gamawa sai kibiyarsa ta ƙarshe ta faɗa siririn zoben waje mai ninka maki biyu, wanda ake ce wa dobul, ko kuma tsakiyar cibiya. Wanda ya riga kai sifiri shi ya ci turmin, idan na ari kalmar 'yan dambe. Ɗaya daga cikin samarin yana da sauran maki wajen 300 abokin karawarsa ya gama, haka har sau uku a jere, sannan bisa al'adar wurin ya tsaya rubuta makin karawar da ta biyo baya, lissafin da bai ƙware da shi ba, a gaban mutanen da suke jiransa. Tun daga ranar bai sake ɗaukar kibiya ba. Ga shi kuma a mashaya aka yi gasar, domin a ƙasar nan mashaya ce gidan wasan dat tun asali, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana yawancin iyayenmu barin 'ya'yansu su je.

Abin da muke nema shi ne zauren da babu giya, da abokan karawa waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya, ta yadda wanda ya yi wata uku yana jifa a ɗakinsa zai zo ya yi karawa huɗu ko biyar, ya ci wasu a cinye shi a wasu, ya koma gida da niyyar dawowa.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun samu zaure a wata cibiyar al'umma, ranar Asabar daga ƙarfe 1 na rana zuwa 6 na yamma. Masu wurin sun gindaya mana sharuɗɗa uku: ba za a huda bango ba, sai mun kawo takardar inshora, kuma duk wanda zai kula da 'yan ƙasa da shekara 18 sai ya nuna takardar DBS, wato ta binciken tarihin laifuka, da ake nema a nan ga masu aiki da yara. Biyu daga cikinmu suna da ita, na uku kuma ya riga ya nema.

Saboda sharaɗin farko muka sayi ƙarafa huɗu masu ƙafa uku na tsayar da faifai, da faifai huɗu na zaren sisal ƙirar Winmau, waɗanda a Kenya ake yin su. Ƙa'idar awo ita ce cibiyar faifai ta kasance mita 1.73 daga ƙasa, layin tsayawa kuma mita 2.37 daga fuskar faifai. Da farko daga sandar ƙarfen muka auna maimakon fuskar faifan, sai layin ya matso gaba da 'yan santimita, kuma ba mu gane ba sai da muka gwada awon karkace, wanda daga cibiya zuwa layin tsayawa ya kamata ya ba da mita 2.93. Yanzu mun yanka igiya daidai wannan tsawo mun ajiye ta cikin akwatin kaya, domin kowace Asabar sai mun kafa mun kwance. Fitilun rufin zauren suna sa kibiya ta yi inuwa a kan faifai, don haka mun yi odar fitilun zobe da ake ɗaurawa a jikinsa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Zaman yau ya kai awa uku, kuma kusan duk a kan tambaya ɗaya ya tafi, wato inda za a sa iyaka. Ma'aunin da duniyar dat ta yarda da shi shi ne matsakaicin makin hannu ɗaya: a raba jimillar makin da mutum ya samu da yawan kibau da ya jefa, a ninka da uku. Ƙwararrun da ake gani a talabijin suna kewayen 100 ne, wato suna gama turmi a kibau 15. Mai matsakaicin 60 yana buƙatar kibau 25, mai 50 yana buƙatar 30, mai 45 kamar 33 ko 34, mai 35 kuwa sai ya haura 40.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan dabara ba. Gasa masu iyakar matsakaici sun yawaita a Ingila tun da manhajoji irin su DartConnect da Darts Atlas suka fara ajiye makin 'yan wasa inda kowa zai iya dubawa. A Japan, inda aka fi yin wasan da kibau masu bakin roba a kan injunan Dartslive, injin ne yake lissafi da kansa, yana ba kowane ɗan wasa mataki daga 1 zuwa 18, kuma bisa wannan mataki ake raba mutane rukuni-rukuni a gasa. Makarantun JDC, ƙungiyar wasan dat ta yara, a nan kuwa da launin riga suke bambanta matakai, kamar ɗamarar 'yan karate. Duk waɗannan suna da abin da mu ba mu da shi, wato tarihin makin kowa na watanni.

Ma'ajinmu ya so a sa iyakar a 55 domin a samu jama'a da yawa, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce, tunda kuɗin zaure ba ya raguwa don mutane sun yi kaɗan. Ni kuma na tsaya a kan 45, na nuna musu lissafin a takarda. Mai matsakaicin 55 yana gama turmi a hannu tara. A hannu taran nan mai matsakaicin 35 ya tara 315 ne kawai, saura masa 186, wato ko sansana dobul bai yi ba, kuma abin da ya faru da yaron nan a Nuwamba ke nan, sai dai a hankali. Idan kuwa mafi ƙarfi a zauren mai 45 ne, to turmin zai kai hannu goma sha ɗaya ko fiye, kuma a wasu turamen mai rauni zai samu damar jifan dobul, ko da sau ɗaya ne. A ganina wannan damar ita ce abin da mutum yake biyan kuɗin mota ya zo nema, domin wanda ya jefi dobul ya kuskure yana komawa gida yana cewa saura ƙiris, wanda bai kai wurin ba kuwa ba shi da abin faɗa wa kansa.

An amince da 45. Wanda ba shi da tarihi, kuma kusan kowa ke nan, zai zo daren awo ya yi aƙalla turame goma na 501 a gabanmu, muna shigar da makinsa a manhaja. Mun ware daren Laraba biyu masu zuwa a garejin ɗaya daga cikinmu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

A gasar da aka saba yi a nan, kuɗin shiga ake tarawa a raba wa na ɗaya da na biyu da waɗanda suka biyo su. Dattijon kwamitinmu, wanda ya yi shekaru yana tuƙin tasi a garin nan, ya ce shi zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba, domin ya yi masa kama da caca. Bayan sallar Juma'a jiya muka tambayi limaminmu, ya bayyana mana cewa abin da malamai suke gudu shi ne kowa ya zuba kuɗinsa wanda ya yi nasara ya kwashe, amma idan kuɗin shiga na hayar wuri ne, kyautar kuma ta fito daga wanda ba ya cikin gasar, babu damuwa.

Mun yanke cewa babba zai biya fam 3 domin zaure, yara ba za su biya komai ba, kuma babu kyautar kuɗi. Wani ɗan uwa mai shagon kayan abinci ya yi alkawarin sayen kofi. Ina kuma sa ran wannan zai rufe mana wata ƙofa, domin idan babu kuɗin da za a ci, ban ga abin da zai sa gwani ya ɓoye ƙwarewarsa ya shigo cikin masu koyo ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An yi gasar farko. Mutum 24 suka rubuta suna, 20 suka zo, mafi ƙanƙanta ɗan shekara 13, mafi girma ya haura 60. Mun raba su rukuni huɗu na mutum biyar, kowane rukuni da faifansa, kowa ya kara da kowa a cikin rukuninsa, wanda ya riga cin turmi biyu shi ya ci karawa. Biyun farko daga kowane rukuni suka wuce zagayen sili-ɗaya-ƙwale.

Abin da muka nema mun gan shi. Karawa da yawa sai a turmi na uku aka raba gardama, kuma mutum biyu ne kawai suka tafi ba su ci ko turmi ɗaya ba. Wani direban bas ne ya ɗauki kofi da matsakaicin 41.

Sai dai lokaci ya ƙwace mana ƙwarai. Na yi lissafin minti biyar ga kowane turmi, ashe na ƙwararru na riƙe a kaina. Mai koyo yana saukowa daga 501 zuwa 60 ba tare da wata wahala ba, amma daga nan sai a tsaya cak, domin zoben dobul faɗinsa milimita 8 ne kacal, kuma idan kibiya ta ba da fiye da abin da ya rage, ko ta bar maki 1, hannun ya ɓaci, mutum ya koma inda yake. A faifai na uku wasu dattawa biyu kowannensu ya maƙale a maki 2, babu mafita sai dobul 1, wanda 'yan wasan Ingila suka yi wa laƙabi da gidan mahaukata, kuma kowannensu ya jefa kibau sama da 70 kafin ɗaya ya dace. Su dai sun yi ta haƙuri da juna, amma mutum uku na rukuninsu sun yi kusan minti ashirin a zaune. Da hutun sallar la'asar da ta magariba, wanda shi ma ban ware masa isasshen lokaci ba, sai ƙarfe bakwai da rabi muka fita, muka biya kuɗin ƙarin awa ɗaya da rabi daga aljihunmu. Yaron Nuwamba na aika masa saƙo sau biyu, bai zo ba.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, don haka babu gasa sai bayan salla. Na yi amfani da darare uku bayan tarawihi na bi makin gasar farko turmi-turmi, kuma na ga abin da ya sa dole mu gyara ƙa'ida.

Matsakaici ɗaya yana iya ɓoye mutane iri biyu da ba su yi kama ba. Akwai wanda yake samun 40 ko 45 a kowane hannu tun daga farko, kuma idan ya iso dobul ba ya daɗewa. Akwai kuma wanda yake zuba 60, 81, 100 a farkon turmi, ya bar abokin karawarsa a baya da maki 150, sannan ya ɓata kibau goma sha biyar a kan dobul, kowace kibiya da ta kuskure tana jawo matsakaicinsa ƙasa. Dukansu manhaja za ta rubuta musu 42, alhali na biyun ya fi ƙarfin wannan gasa, domin ranar da dobul ya karɓe shi babu mai tsayawa a gabansa. Mutum biyu na gani da wannan siffa. Manhajar tana fitar da wani adadi da ban kula da shi ba a da, wato matsakaicin kibau tara na farko, wanda dobul ba ya taɓa shi. Daga yanzu sharaɗin shiga biyu ne: matsakaicin duka ƙasa da 45, na kibau taran farko kuma ƙasa da 60.

Game da lokaci, wani ya ba da shawarar a koma 301, ko a cire sharaɗin dobul gaba ɗaya a matakin rukuni. Ban goyi baya ba, domin dobul shi ne rabin wasan, kuma wanda aka ɗauke masa shi a nan zai tarar da shi yana jiransa a duk inda ya je. Abin da muka tsayar shi ne idan kowa ya yi hannu 15, wato kibau 45, ba a gama ba, sai kowa ya jefa kibiya ɗaya a cibiya, wanda ya fi kusa ya ɗauki turmin.

Mun kuma buga takardar hanyoyin gamawa daga 60 zuwa ƙasa za mu liƙa a gefen kowane faifai, domin rabin maƙalewar nan daga rashin tsari take. Yawancinsu suna barin wa kansu 40 ne saboda sun saba kallon 20, amma 40, wato dobul 20, idan kibiya ta kuskure zoben ta faɗa cikin gidan yana komawa 20, sai 10, sai 5, kuma 5 ba ta da dobul. Wanda ya bar 32 kuwa yana da 16, da 8, da 4, da 2, duka suna rabuwa, kuma dobul 16 da dobul 8 maƙwabtan juna ne a gefen hagu na faifai. Haka nan na lura da yawan makin 26 a takardun, wato 20 da 5 da 1, domin 1 da 5 ne suke gefen 20. Wanda hannunsa yake yawo gara ya nufi 19, wadda 7 da 3 suke gefenta, har sai jifansa ya daidaita.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gasa ta biyu ta ƙare ƙarfe shida saura kwata, kuma turame shida ne kawai aka raba da jifan cibiya, don haka maganar lokaci ta warware. Amma abin da na rubuta ranar 15 ga Fabrairu game da ɓoye ƙwarewa bai tabbata ba.

Wani mutum da abokinsa ya kawo ya zo awo a makon jiya ya samu 43. A rukuni yau ma haka ya riƙa yi, yana ci da ƙyar. Da aka shiga sili-ɗaya-ƙwale sai ya koma wani mutum daban, ya yi 63 a karawa ɗaya, 66 a ta gaba, kuma a wasan kusa da na ƙarshe ya gama daga 112 da kibau uku, ninki uku na 20 a zoben ciki, sai 20, sai dobul 16, ba tare da ya ko kalli takardar da ke gefe ba. Wannan saurin lissafi ya fi jifan tayar mini da hankali, domin sa'a tana iya kai kibiya inda ba a zata ba, amma ba ta koya wa mutum hanyar 112. Dattijonmu ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, wannan fa kura ce da fatar akuya, a tsayar da shi." Na ce masa, "Baba, ku yi haƙuri, ni ma abin da na gani ke nan, amma ba mu da hujja a hannu, kuma babu inda ƙa'idarmu ta ce a cire mutum ana tsakiyar gasa." Bai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiyar rashin jin daɗin, domin mutumin ne ya ɗauki kofi.

Abin da ya hana ni yanke hukunci a take shi ne abin da ya faru a faifai na ɗaya awa guda kafin nan. Wata yarinya 'yar shekara 15, wadda matsakaicinta 38 ne, ta samu 140 a hannu ɗaya ta gama turmi a kibau 21, wato matsakaicin 71 da ɗoriya, kuma turmin da ya biyo baya sai da ta jefa 42. Da muna da dokar cewa duk wanda ya haura iyaka a turmi ɗaya ko karawa ɗaya an cire shi, da yarinyar nan muka fara kora a ranar da ta fi kowace rana yi mata daɗi. Makin mai koyo yana hawa yana sauka sosai, don haka ba a auna shi da turmi ɗaya.

Daren nan na bincika a intanet na tarar da sakamakon mutumin a wasannin lig na wani gari, da wata rubutacciyar siga ta sunansa, matsakaicinsa sama da 60 tun bara. Na kira shi na gaya masa abin da na gani ba tare da faɗa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce tunda babu kuɗi a ciki bai ɗauka ya cuci kowa ba, kuma ya so 'ya'yansa su ga ya ɗaga kofi. Na ce masa mutum uku ya fitar, kuma kowannensu shi ma da masu kallonsa ya zo. Ya yi alkawarin aiko da kofin. Wani abin farin ciki ɗaya a yau shi ne yaron Nuwamba ya zo, bai yi wasa ba, amma ya karɓi aikin shigar da maki a faifai na biyu har aka tashi.

Asabar, 10 ga Mayu

Kofi ya dawo, an miƙa shi ga wanda ya zo na biyu. Mun ƙara layi a takardar rajista inda mutum zai bayyana ko yana wasa a wani lig ko wata gasa, kuma za mu riƙa duba sunan duk sabon shiga kafin ranar wasa. Ba za a cire kowa ana tsakiyar gasa ba sai da hujjar ƙarya a rajista, amma wanda matsakaicinsa na yini guda ya haura 55 kwamiti zai zauna a kansa kafin gasa ta gaba.

Matsalar da ta fi wannan nauyi daga cikin gida ta fito. Wani yaro ɗan shekara 16 da ya fara da mu a Fabrairu da matsakaicin 36 ya riƙa gwaji awa guda kullum bayan makaranta, kuma turamensa ashirin na baya-bayan nan sun ba da 48. Bisa ƙa'idarmu ya fita. Da na gaya masa ranar Laraba, sai ya ce, "Kawu, wato don na dage ne za a hana ni wasa?" Na ce, "Ɗana, ba hana ka za a yi ba, ka wuce ajin ne." Sai ya tambaye ni ina ne aji na gaba, kuma ba ni da amsa, domin abin da ke gabansa shi ne buɗaɗɗiyar gasar mashaya, inda mai 48 yake daidai da abin da mai 35 yake a gaban mai 55.

Na kwana biyu ina juya wannan magana. Idan sakamakon ƙoƙari shi ne a rasa wurin wasa, to mu da kanmu muna koya wa yara su riƙa sassauta hannu a daren awo domin su zauna ƙasa da 45, wato muna renon irin mutumin da ya ɓata mana gasar Afrilu. Iyaka ba ta da amfani idan babu mataki a samanta, kuma tun a Fabrairu ya kamata in hango haka.

Yau kwamiti ya amince da rukuni na biyu, daga 45 zuwa 60. Mutum shida muke da su a yanzu: yaron nan, da mutum biyun da kibau taransu na farko suka haura 60, da mu biyu na kwamiti da muka taɓa wasa, da wata ma'aikaciyar jinya da ta zo awo a Afrilu ta samu 51 muka mayar da ita. Dattijonmu da kansa ya ce a gayyaci mutumin Afrilu ya riƙa koya wa wannan rukuni hanyoyin gamawa, tunda ya dawo da kofi, ko da yake ya fi ƙarfin shiga gasar. Domin kada mutum ya riƙa hawa da sauka kowane wata saboda maki ɗaya, mun bar tazara: ana hawa ne idan turame ashirin na ƙarshe sun kai 47, kuma ba a saukowa sai sun faɗi ƙasa da 42.

Asabar, 21 ga Yuni

Babbar salla ta faɗo ranar 6 ga wata, shi ya sa gasa ta uku ta kai yau. Mutum 27 suka yi wasa, 20 a rukunin ƙasa a faifai huɗu, bakwai a rukunin sama a faifai na biyar da muka aro, inda kowa ya kara da kowa. Rukunin sama ya gama da wuri domin turamensu ba sa ja, sai suka karɓi aikin shigar da maki a zagayen sili-ɗaya-ƙwale na ƙasa, wanda ya sauƙaƙa mana ƙwarai. Yaron ɗan shekara 16 ya zo na huɗu cikin bakwai, ya ci karawa uku, kuma matsakaicinsa na yini 50 ne. Yarinyar da ta jefa 140 a Afrilu ta kai wasan ƙarshe a rukunin ƙasa ta sha kaye da turmi 2 da 1. Yaron Nuwamba ya yi awo ranar Laraba ya samu 34, ya shiga yau, ya ci karawa ɗaya cikin huɗu, kuma a kan dobul 8 ya gama turmin da ya ba shi ita.

Akwai abubuwa uku da suke jiranmu. Iyaye mata huɗu sun nemi a ware wa mata awa guda ta koyo kafin a buɗe zaure, ɗaya daga cikinsu har ta tuna mana cewa tun Disambar 2019 Fallon Sherrock ta doke namiji a gasar duniya ta PDC, hukumar ƙwararrun 'yan dat, kuma ma'aikaciyar jinyar nan ta yarda ta jagoranci zaman idan ranar aikinta ta ba da dama. Mutum uku na rukunin ƙasa suna tsakanin 44 da 46, don haka mai yiwuwa rukunin sama ya kai goma kafin kaka, wanda zai buƙaci faifai na shida da ƙarfensa, kuma abin da ke asusu fam 38 ne. Sannan faifai na biyu ya fara laushi a gidan 20, domin mun manta ba mu riƙa juya shi ba. An cire zoben lambobi an juya shi yau, kuma an rubuta a murfin akwati cewa a riƙa juya duka bayan kowace gasa.

Na kama zaure domin ranar 19 ga Yuli, daga ƙarfe 12 na rana maimakon 1, saboda awar mata. Daren awo na sababbin shiga zai kasance Laraba, 9 ga Yuli, kuma mutum biyar sun riga sun ba da suna.